Karan Dafin Baba Sale Mai Farin Tuwo

Har gobe ban manta da ranar Talatar da na kusa zubar da gadon wani gida da bakin birona ba. Lokacin ina shekara ta huɗu a cibiyarmu ta binciken amfanin gona, ƙaramin jami'in ɗakin gwaje-gwaje, mataki na takwas, ina ji da kaina kamar ni na ƙera injinan.

Ga yadda aikin yake. Duk irin da muka karɓo daga manoma sai mun karanta ƙwayoyin gadonsa, wato rubutun DNA da ke cikin kowane tsiro, kafin a ba shi wuri a ɗakin sanyi. Ɗakin ƙarami ne. In irin ya zo daidai da wanda muke da shi, sai in rubuta "kwafi" a fom, shugabar sashe ta sa hannu, a fitar da shi.

Bayan girbi aka tura ni garinmu Birnin Gwari tattaro iri. A nan na haɗu da Baba Sale, mutumin Kutemeshi. Gonarsa tana bakin daji, shekara biyu bai taka ta ba saboda rashin tsaro, yana zaune cikin gari wurin 'yarsa. Ya kwance wani tsumma ya ba ni zangarniya uku na karan dafi, dawar nan da dukawa ke rina fata ja da ɓawon karanta.

"Ɗana, wannan ba irin na kowa ba ne," in ji shi. "Na mutane kara ja, ƙwaya ja, tuwon ga ɗaci. Namu kara ja wur, ƙwaya fara sol. Rini da tuwo a gona ɗaya. Wurin kakana muka gaje shi."

Na ce to, Baba. A raina na ce kowane tsoho irinsa ya fi na kowa.

Da na dawo na karanta ƙwayar gadon da ke sa launin ja. Harafi da harafi, daidai take da ta wani karan dafi da ke ɗakinmu. Na rubuta "kwafi", na kai wa shugabar sashe, Dokta Rabi. Ta ɗauki biro, sai ta tsaya.

"Malam Nura, me mai irin ya ce maka?"

Na faɗa mata, har da 'yar dariya.

"Daga ina ka fara karatun?"

"Daga farkon ƙwayar, ranki ya daɗe."

"To wa ke kunna ta?"

Kunya ta kama ni, don na san amsar tun a makaranta. Gaban kowace ƙwayar gado akwai wani yanki da muke kira furomota. Shi ba ya yin launi. Makunni ne: shi ke yanke a wane sashe na tsiro za a karanta ƙwayar, yaushe, kuma da wane ƙarfi. Ni na duba fitila na bar makunni.

Ta ajiye fom a aljihun tebur ta ba ni damina guda. Na koma na karanta abin da ke gaban ƙwayar gadon, sai ga wani ɗan wuri inda 'yan haruffa suka ɓace a irin Baba. Wannan bai isa hujja ba, don haka muka shuka nasa da namu kusa da juna. Da ƙwaya ta fara cika na ɗebi ɓawon kara da ƙwayar kowanne. Akwai gwajin da ke nuna ko ana karanta ƙwayar gado a wuri: in ana karantawa, wani layi zai haska a ƙarƙashin fitila ta musamman.

Muka shiga ɗakin duhu ni da Dokta Rabi, na kunna. Namu ya haska a kara, ya haska a ƙwaya. Na Baba ya haska a kara kamar garwashi. Wurin ƙwaya kuwa duhu, ko ɗigo babu.

Umarnin yin ja yana nan cikin farar ƙwayar nan, cikakke, amma an ce da shi ya yi shiru, ya kuma yi. 'Yan haruffan da ido bai taɓa gani ba su suka raba abincin gida da rinin baduku. Kakannin Baba ba su da inji ko ɗaya, da ido da harshe suka zaɓo wannan makunnin shekara bayan shekara. Na ji Dokta Rabi tana cewa "Subhanallah" a hankali.

Ta yaga fom ɗin, aka ba irin lamba da wuri a ɗakin sanyi.

Na je Birnin Gwari takanas na gaya wa Baba. Ya yi dariya har da tari.

"Wato sai da inji ya faɗa kuka yarda?" Sannan ya ce, "Ragowar da na ajiye a nan, ƙwari sun cinye ta tas. Ban sami inda zan shuka ba. Na wurinku shi kaɗai ya rage, ɗana. Ku riƙe min har hanyar gona ta buɗe."

Shi ya sa ku sababbin ma'aikata kuke ganin ina da naci. Kafin ku rubuta "kwafi", ku karanta abin da ke gaban ƙwayar, ku kuma saurari wanda ya noma ta. Ambulan Baba Sale yana kanta ta uku, hannun dama. Duk ranar Litinin ina leƙa shi.