Awarwaron da na tsinta a cikin abra

Edita, a lokacin ina da shekara ashirin da uku, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ni da haƙuri, ba na ɓoye abin da ke bakina. Bayan na gama sakandare a Kano, wani Alhaji abokin babana ya ɗauke ni aiki a shagonsa na kago, wato aika kaya gida, a unguwar Deira ta Dubai, ina ɗaure wa 'yan kasuwa kaya. Kullum da safe nakan hau abra, ƙaramin jirgin ruwan da ke tsallako da mutane daga Bur Dubai, inda muke haya da wata ƙawata Kirista 'yar kudancin Kaduna mai aiki a otal.

Wata safiya a 2018, ana cikin sauka, na hango awarwaron zinariya a gefen wurin zama. Na yi abin da uwata ta koya mini: tsintuwa amana ce, ka riƙe ka yi cigiya. Na ɗaga shi na nuna wa matuƙin, ya ce yalla yalla, in yi sauri, fasinja na jira. Na jefa a jaka. Ranar na sa cigiya a duk guruf ɗin Hausawa da ke wayata, na bi shagunan layinmu ina faɗa. Ƙawata ta riƙe baki, ta ce nan fa ba kasuwar Kwari ba ce, in kai wa 'yan sanda tun wuri. Na ce mata ba ni da lokacin zaman benci, mai abu zai zo. Abin da ban yi tunani ba shi ne mai abun ba ta jin Hausa.

'Yan sanda ne suka zo, har shago. Kyamarar mashigi ta ɗauke ni ina sa shi a jaka. Na miƙa musu shi a cikin hankicin da na naɗe shi, ko gwadawa ban taɓa yi ba. Alhaji ya zo inda aka tsare ni, ya ce 'yata, ki ce Shaiɗan ne ya ruɗe ki, ki yi kuka, za a sassauta. Na ce masa duk da girman da nake ba shi, ba zan yi wa Shaiɗan ƙazafi ba, balle kaina. A kotu na nuna saƙonnin cigiyata. Tafinta ya ce dokarsu ba ta san cigiya ba, ofis ake kai tsintuwa. Aka yanke mini zaman kaso, sannan kora. Suka ɗauki hoton ƙwayar idona, khalas, shi ke nan, ba ni ba ƙasar.

A cikin jirgin saman dawowa na tuna malaminmu na tarihi, ranar da ya ce Turawan Ingila sun riƙa loda mutane a jirgin ruwa zuwa Ostareliya saboda satar hankici ko burodi. Dariya muka yi a aji. Ranar ban yi ba. Su an raba su da gida, ni gida aka mayar da ni, amma sunan da aka liƙa mana ɗaya ne. Kuma sunan ya riga ni sauka. Zuwana na farko gidan gwaggona, ina kallo ta zare sarƙarta daga kan madubi ta tura ƙarƙashin filo. Na ce mata ta bar ta a fili, ni mai cigiya ce, da ɓarauniya ce ni da ban yi wa duk Deira shela ba.

Taurin kai na yi, na yarda, da ma na ji maganar ƙawata. Sata kuwa ban yi ba, kuma ba zan amsa ba har in mutu. 'Yan'uwa masu shirin tafiya, tarbiyyar gida ba ta da biza. Kun tsinci abu a ƙasar mutane, ko allura ce, ku wuce ofis da ita kafin ku sha ruwa. A Kano kuwa, gobe in na tsinci zinariya, cigiya zan yi, da ƙarfi.