Gashin da Mai Hoto Ya Mayar

Shekara talatin da huɗu Mai Hoto ya yi a shago ɗaya, tsakanin kantin magani da mai gyaran takalma, kuma ba a taɓa jin wanda ya fito da muni daga wurinsa ba. Shagon ɗaki biyu ne. Na gaba yana da kujera mai hannu da labulen da aka zana wa taga da furanni. Na baya shi ne ɗakin duhu, inda yake wanke hotuna. A wancan zamani da fim ake ɗauka, a wanke, a shanya, sannan ya zauna da fensir mai tsini da 'yar siririyar wuƙa yana gyara fuskar mutum a jikin fim ɗin. Ya share ƙurji, ya cike kumatu, ya rage wa tsohuwa shekara goma. Ba ya tambayar kowa ko yana so. Hannunsa ya saba.

Ɗansa guda ne, Dogo ake ce masa, mai gyaran rediyo a ƙarshen layin. Tun yana yaro bakinsa ba ya hutawa da barkwanci. Yana da shekara ashirin da bakwai wani kumburi ya fito masa a wuya, likitoci suka ce ciwon daji ne. Duk bayan mako uku ana ɗura masa magani ta jijiya. Gashi ya zube, gira ta bi baya.

"Inna, daina kuka," in ji shi ga mahaifiyarsa. "Mai aski ne ya yi asara, shi za ki je ki yi wa jaje."

Wata Talata da hantsi ya shigo shagon yana dafa bango, ya zauna a kujera mai hannu, ya cire hula.

"Baba, ɗauke ni."

"Mayar da hularka tukuna."

"Haka nake so. Kashe fitilar nan ma, kaina ya fi ta haske." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya ce a hankali, "Wata bakwai ke nan ina fama, kuma wannan fuskar ce ta yi faman. Duk wanda ya zo gaishe ni sai ya kalli bango. Ina so a samu mutum ɗaya da ya dube ni da kyau, kai kuwa sana'arka ce. Kada ka taɓa komai. Ko ƙuda ne ya sauka a hancina, bar shi."

Mai Hoto ya ce to. Ya ɗauka sau ɗaya, kamar yadda ya saba, domin yana alfahari da cewa bai taɓa ɓata fim ba.

Da fim ya bushe ya ɗaga shi a taga, ya ga ɗansa. Ya ce wa ransa ɗan ramin ƙarƙashin ido kawai zai rage. Daga nan sai kumatu. Sai gira. Gashi kuwa ba da fensir ake ƙara shi ba, kankare fim ake yi da wuƙa, kuma abin da aka kankare ya tafi ke nan. Ya san wannan sarai. Awa biyu ya yi yana kankara, sili-sili, kuma a duk rayuwarsa bai yi aikin da ya kai wannan kyau ba.

Washegari ya kai hoton gida. Dogo ya daɗe yana kallo daga kan gado.

"Inna, zo ki ga wani saurayi. Kyakkyawa ne kuwa. Baba, ɗan wane ne? Yana da aure?"

Uwar ta yi dariya, ta rungume hoton. Dogo ya juya fuska bango.

"Ka zo mu sake," in ji uban.

"Sai na ji ƙarfi, Baba."

Bai ji ƙarfin ba. Sau biyu Mai Hoto yana ɗaukar kyamara zuwa asibiti, sau biyu yana dawowa da ita bai buɗe jaka ba. Ya zauna a bakin gado yana gyara bargo, yana tambaya ko an ba shi magani, idonsa a kan robar ƙarin ruwa. Bayan mako goma sha ɗaya Dogo ya rasu.

Uwar ta rataye hoton a falo. Masu zuwa ta'aziyya su tsaya a gabansa su ce, "Allah sarki, ashe har ƙarshe bai rame ba." Mai Hoto ya ce, "Haka ne."

Ya ƙara shekara tara a shagon kafin idonsa ya gaza. Fuskokin mutanen unguwa ba wadda ba ya iya tunawa, har da tabon da ya share wa kowa. Ta ɗansa ta ƙarshe ce kaɗai ta ƙi zuwa. Duk sa'ad da ya rufe ido ya nemi mutumin da ya cire hula a kujera, saurayin nan mai gashi ne ke fitowa, yana murmushi da kumatun da shi ya cike masa.