Takalman Ɗan Rasha da Gammona

Yaya Haruna, barka da kwana. Daren jiya na yi wani mafarki da ya ƙi fita daga raina, na ce bari in rubuto maka da hannuna tunda Allah Ya sa yanzu ina iyawa. Ka yi haƙuri, a hankali nake rubutu.

Ka san likita ya ce in bar dako saboda bayan nan. Sarkin Dako kuma ya aiko cewa motar albasa za ta shigo ran Asabar, in faɗa masa ko ya sa da ni. Ban ba shi amsa ba. To, shekaranjiya da na taso daga ajin yaƙi da jahilci na tsaya shan shayi wurin Iro, na tarar ana nuna tarihin wani ɗan Rasha mai ɗaga ƙarfe a talabijin. Sunansa ya fi ƙarfin bakina. An nuno shi tun yana saurayi yana cin gasa ƙasa-ƙasa, har ya ji ciwo a gwiwa, ya warke ya dawo. A gasarsa ta ƙarshe ya kasa, sai ya cire takalmansa ya bar su a kan dandamali ya fita da safa. Na ce, "Iro, mantuwa ya yi?" Iro ya yi dariya ya ce, "Haba Baba Isa, wa zai manta takalmi a wannan sanyin nasu? Haka suke sallama. In ka ga haka, ya gama ke nan."

A mafarkin na gan ni a layin 'yan albasa, amma ƙasa duk ta yi fari da ƙanƙara kamar an baje auduga, kuma ban ji sanyi ba. An shimfiɗa katako a inda mota ke tsayawa. Sai ga ɗan Rashan ya fito yana saurayinsa, wuya kamar turmi. Ya tsoma hannu a wata tasa ya shafa farin gari. Na leƙa, ashe allin da Malama ke rubuta mana baƙaƙe da shi ne aka daka. A bakin ƙarfen nasa buhunan albasa aka ɗaure, dama da hagu.

Alƙalai na zaune a kan benci: Sarkin Dako, da likitan nan, da Ladi matata, kowa da fitila a hannu. Ya ɗaga, fitilu suka yi fari, aka rataya masa lambar yabo. Sai kawai muka koma tashar mota, an ƙara buhu. Ya ɗaga. Sai kawai ga mu a wani babban ɗaki, mutane na wani yare da ban sani ba, amma ina gane abin da suke cewa. Duk inda muka je ana ƙara masa buhu, gashinsa na ƙara fari, ni kuma ina biye da shi riƙe da gorar ruwansa. Ban san wa ya sa ni ba.

Sai kawai muka dawo kasuwarmu, ya tsufa, gwiwarsa naɗe da tsumma. Ya gwada ya kasa, ya sake ya kasa. A na ƙarshe ya kai ƙarfen ƙirji, sai ya juya fuska gefe don kada a ga yadda ya cije baki. Yaya, haka nake yi yanzu in buhu ya hau kaina. Na ce, "Bawan Allah, ajiye, ya isa haka!" Muryata ba ta fita ba. Ƙarfen ya faɗi, albasa ta watse. Fitilu biyu suka yi ja. Ladi ba ta kunna tata ba, ta sauko tana tsince albasar a zaninta.

Ya zauna ya kwance takalman, ya jera su a tsakiyar katakon. Duk kasuwa ta miƙe tana tafi, har ya fi na lokacin da yake ci.

Sai ya tako zuwa wurina da safa a kan ƙanƙarar, ya zaro wani abu daga ɗamararsa. Gammona ne, shuɗin nan da ka naɗa min da tsohon zanin Inna ranar da ka fara kai ni kasuwa. Ya miƙo min, ya ce da Hausa, "Riƙe kayanka." Na ce, "A ka zan sa, ko kusa da takalmanka?" Hanya kawai yake kallo. Can na ji hon ɗin motar albasa.

Na farka ana kiran asalatu, hannuna a sama, Ladi na cewa, "Malam, me kake miƙawa?" A zaune na yi sallah saboda bayan.

Abin da ke damuna, shi an tafa masa. A wurinmu wanda ya daina, jikin bango yake komawa, yara na wucewa da kaya suna ce masa sannu Baba. Shin gammon nan an miƙo min ne in ɗora, ko in ajiye? Kai da ka ajiye naka, Yaya, ta yaya ka gane ranar ta zo? Sarkin Dako na jira.