Gardamar 'Yan Gaba da Gyaɗar Iya

Shekara tara ke nan ina tuƙi a Riyad, kuma in aka ce in faɗi abin da na fi sani a garin nan, sai in ce bayan motar da ke gabana. Da asuba nake fita in ɗauko injiniyoyin kamfaninmu in kai su wajen gini, in zauna a mota rana ta yi ta dukan rufi har su tashi. Na gaji, ba na ɓoyewa. Wata gajiyar ta baya ce da ƙafa, in na kwanta takan ragu. Wata kuwa tun rasuwar Innarmu nake ɗauke da ita, shekara biyu, domin tun daga lokacin ba mu sake yin magana da yayana Hamisu ba. Hutuna ya kusa, saura sati biyar, kuma a ƙauyenmu wanda ya dawo daga tafiya babban gida yake fara sauka kafin ya shiga nasa. Babban gidan yanzu a hannun Yaya Hamisu yake. Matata ta tambaye ni a waya inda zan fara sauka, na ce mata layi ba ya da kyau.

Mutum biyu nake ɗauka kullum, dukansu 'yan Ostireliya. Ɗaya dattijo ne mai furfura, a raina Tsoho nake ce masa. Ɗayan bai wuce arba'in ba, shi kuma Jan Gemu. Ƙungiya ɗaya suke goyon baya a wata irin ƙwallo ta ƙasarsu, wadda ba irin tamu ba ce. Ita ƙwallon doguwa ce kamar gwanda, ana kama ta da hannu ana buga ta da ƙafa, ba raga, sanduna huɗu ne a tsaye, a tsakanin na tsakiya ake son ta wuce. Mutum shida ne a gaba masu neman ci. To a kan waɗannan shidan nake shan surutu tun daga ƙofar gida har wajen gini.

Tsoho ya kafe a kan 'yan gaban zamanin samartakarsa. Ya ce a lokacin akwai wani ƙato da ake ajiyewa a bakin sanduna, a ɗaga masa ƙwallo sama, ya taka bayan mutane ya cafke ta, ga wasu ƙanana biyu suna kewaya ƙafafunsa suna tsintar duk wadda ta kuɓuce. "Wannan ita ce ƙwallo," in ji shi, "kowa ya san wurinsa." Jan Gemu kuwa 'yan gaban da suka zo bayan waɗancan yake so, waɗanda ba mai tsayawa wuri ɗaya, duk su shidan suna gudu, suna kora, suna raba ci a tsakaninsu. Tsoho ya ce ai waɗannan gudun mai neman akuyar da ta ɓata suke yi. Jan Gemu ya ce ƙaton naka in aka sa shi a wasan yau, kafin a tafi hutun rabin lokaci sai an fitar da shi a kan gadon marasa lafiya. Abu ɗaya ne kawai ke haɗa bakinsu, wato 'yan gaban bana ba su da amfani ko kaɗan. Turancin da na ɗan tsinta a sakandare ya ishe ni in bi su, kuma sau da yawa nakan so a ce bai ishe ni ba.

Amma wata safiya muna tsaye a cunkoso, suna ta yi, sai na ji ƙanshin gyaɗa a toka. Ba gyaɗa a motar, ba toka. Kakata ce ta faɗo mini a rai.

Iya muke ce mata, mahaifiyar babanmu. In kaka ta yi aka fara cirar gyaɗa, bayan an ci tuwo an yi isha'i, ba ta bari a kashe wutar murhu. Sai ta ja tabarmarta kusa, ta tona tokar mai zafi ta binne ɗanyar gyaɗa, mu kuma mu kewaye ta, mu da 'ya'yan baffanninmu. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Sandar tona wuta take bugawa a dutsen murhu sau uku, ta ce, "Kunnuwa su matso, bakuna su ja da baya." Ni da Yaya Hamisu mukan zauna dama da hagunta, ta dube mu ta ce, "Ga mazajena biyu, ba wanda ya taɓa saya mini ko ɗankwali." Muryarta a shaƙe take saboda hayaƙin shekaru, kuma ba ta sauri, in ta kai wurin da ya fi daɗi nan take tsayawa ta juya gyaɗarta, mu yi ta mutsu-mutsu.

Tatsuniyar da muka fi roƙo ita ce ta Dogo da Gajere. Wai a wani gari ne rijiya ta ƙafe, tsofaffi da jarirai suka fara galabaita. Dogo ya rataya gora ya ce zai tafi neman kogi, ko a ina yake. Gajere ya ɗauki diga ya shiga rijiyar ya ce shi zai ci gaba da haƙa. Dogo ya yi tafiya har takalminsa ya tsinke, ya sami kogin, ya cika gorarsa, ya juyo. A hanyar dawowa ƙishirwa ta kama shi har harshensa ya tsage, ruwa yana ƙara a kafaɗarsa, amma bai buɗe gorar ba. Shi kuwa Gajere yana can ƙasa cikin duhu, yana ɗebo danshin laka yana matsewa a tsumma ana ɗiga wa tsofaffi a baki, da haka ya riƙe ransu. Ran kwana bakwai ya tarar da dutse, ƙarfinsa ya ƙare, ya faɗi. A ranar Dogo ya iso. Aka zura wa Gajere gorar da igiya, ya sha, ya miƙe, ya sari dutsen sara ɗaya, ruwa ya ɓulɓulo. Nan Iya za ta ajiye sandarta ta ce, "To, masu hankali, wa ya fi?"

Ai sai gardama. Ni Gajere nake so, tun ran farko. Ina ganin shi ne namiji, shi ya zauna da masu nishi, shi ya ga wahalar da idonsa. Yaya Hamisu kuwa ba ya jin komai sai Dogo. Yakan ce duk wanda ya iya ɗaukar ruwa kwana da kwanaki bai kurɓa ba, ba a haɗa shi da kowa. Mu yi ta ɗaga murya har Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce za ta zo da muciya. Sau ɗaya ma na jefe shi da takalmi.

Iya ba ta taɓa raba gardamar ba. Doka ɗaya gare ta, kuma ba ta sassauta wa kowa. In gyaɗa ta nuna ta tono ta ta zuba a faifai, sai ta dafe da tafin hannu ta ce, "Ba mai ci sai ya faɗi abin da gwanin ɗan'uwansa ya yi." Ba ta ce ka sauya ra'ayi ba. Gwaninka yana nan a hannunka. Amma sai ka buɗe baki ka yabi na wancan, kuma da gaske, in ta ji ka yi shi a daƙile sai ta ce ka sake. Na sha zama ina kumbure-kumbure, ƙanshi yana dukan hancina, kafin in ce, "Dogo bai sha ko ɗigo ba." Yaya ya ce, "Gajere bai fito daga ramin ba." Sai ta ɗage hannunta, ta ce, "Yanzu kun zama mutane." A lokacin na ɗauka mugunta ce kawai irin ta tsofaffi.

Abin da ya ba ni mamaki da na girma shi ne yadda rayuwa ta yi mana musaya. Ni mai son Gajere, ni ne na rataya jaka na zo nan. Yaya mai son Dogo, shi ya zauna a gida da gona da Inna. Da ciwonta ya yi tsanani na nemi izinin zuwa gida wajen kafilina, wato ubangidan da takardun zamana suke hannunsa, takarda ta yi ta jinkiri, yau gobe, har aka yi mini waya aka ce ta cika. A ɗakinmu na unguwar Batha na yi kukana, wani ɗan Maraɗi da muke kwana tare yana dafa kafaɗata. Bayan sadakar uku na kira Yaya, na ce me ya sa ba a kai ta babban asibiti da wuri ba. Ya ce, "Isuhu, kai labari ka ji, ni na ga abin." Maimakon in haɗiye, sai na ce, "Wa ya ce ka zauna? Da kowa ya zauna kamarka, me za ku ci?" Ya kashe wayar. Ban sake kira ba, shi ma bai kira ba. Kowane ɗayanmu ya zauna yana lissafa wahalarsa, kuma ina ji a jikina tawa ta fi, domin ita kaɗai na ɗanɗana.

Sati biyu da suka wuce aka mayar da Jan Gemu wani aikin a wani gari. Motar ta yi tsit. Na zaci zan huta, sai na ga shirun ya fi surutun nauyi. Kwana uku Tsoho yana zaune a baya yana kallon waya, a na huɗu ya miƙo mini ita muna jiran fitila ta ba mu hannu. Wani tsohon wasa ne, hoton duk ya dushe, ga ƙaton nasa ya yi sama ya cafke ƙwallo. Ya ce, "Yusuf, faɗi gaskiya, ka taɓa ganin irin wannan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ban san wasan ba, amma wannan tsalle ne." Ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. Ya ce wannan gardamar ba da Jan Gemu ya fara ta ba, da ƙanensa ya fara, tun suna zuwa filin wasa tare. Ƙanen ne mai son masu gudun nan. Shekara da shekaru suna yi, a gida, a waya, har a gefen gadon asibiti. "Ya mutu ban taɓa gaya masa cewa 'yan gabansa sun iya ƙwallo ba," in ji shi. "Kuma sun iya. Sun iya ƙwarai." Direban motar da ke bayanmu ya danna mana ham yana ihu, "Yalla, yalla!" Na ja mota.

Ranar Juma'a bayan la'asar na je kasuwar Utaiqa sayen dabinon tsaraba. Na ɗebi na matata, na yara, na surukai, sai mai dabinon ya tambaye ni ko shi ke nan. Na tsaya da leda a hannu. Nan ne na gane abin da Iya take yi da tafin hannunta a kan faifai. Ba ta damu da wanda ya fi ba, ta san gardamar ba mai ƙarewa ba ce, kuma ta san tana da daɗi. Abin da take tsoro shi ne mu saba da tashi daga wurin wuta kowa da gwaninsa kawai a baki. Ta daɗe a ƙasa, ba mai dafe mana faifai yanzu, shi ya sa muka yi shekara biyu kowa yana cin tasa shi kaɗai. Na ji kunya, na kuma ji kewar yayana.

Na koma gefen wata rumfa na danna saƙon murya. Sau uku ina gogewa. A na huɗu na ce, "Yaya, ni ne Isuhu. Gajere bai fito daga ramin ba. Kai ka juya Inna a shimfiɗa, kai ka ba ta ruwa a cokali, kai ka sa ta a kabari. Ni ban yi ko ɗaya ba. Maganar da na faɗa maka ba ta dace ba, ka yafe mini." Na tura, na ce wa mai dabino ya ƙara kwali ɗaya.

Ya saurara a ranar, na ga alama, amma bai amsa ba. Asabar ta wuce. Ranar Lahadi ina zaune a mota a wajen gini, rana tana tsakiyar ka, wayar ta yi ƙara, saƙon murya ne daga Yaya. Muryarsa ta tsufa fiye da yadda na bar ta, ana jin kukan awaki a bayansa. Ya yi gyaran murya ya ce, "Isuhu, na ji. Ni dai har yanzu ina kan bakana, Dogo ne ya fi. Mutum ya yi shekara tara da gora a kafaɗa bai kurɓa ba." Sannan ya ce, "An fara cirar gyaɗa. Ka gaya mini ranar da jirginka zai sauka."

Na saurara sau biyu, na share fuskata da hannun riga. Ta madubi na hango Tsoho yana tahowa da hular ƙarfensa a hannu. Kafin ya iso na danna wayar na ce, "Yaya, da girmanka da komai, ba haka ba ne. Gajere ne ya fi. Ka bari in zo mu ƙarasa."