Shekarar da Kaka Ya Baro Dungu

Wata Laraba da rana tsaka, a bazarar 1974, 'yan kwanaki bayan soja sun karɓi mulki, ni da ƙanena Sani muka dawo daga lakwal, wato makarantar boko, muka tarar da amalanken jaki a ƙofar gidanmu a Matameye. Kakanmu Malam Idi ne zaune a kai, da tabarmarsa da butarsa. Fari ya cinye masa shanu a Dungu, rijiyarsa ta ƙafe, kakarmu kuma ta rasu, shi ne Baba ya matsa masa ya dawo gari. Mu yara ina ruwanmu, tsalle kawai muka kama yi.

Ban taɓa shan dariya irin ta watannin nan ba. Gero ya yi wuya, jar dawar taimako ake tuƙawa, in na kai masa tuwo sai ya leƙa kwanon ya ce, "Amaryata, da wannan za ki riƙe miji?" Shi ya ƙera wa Sani mota da kara, ya koya mana dara a yashin zaure, yana satar 'ya'yan darar muna kama shi. In mun tafi tsinko yaɗiya ya bi mu da sanda yana waƙar shanunsa, yana kiran kowace da sunanta, muna amsawa da kukan saniya har mu dawo gida, Inna ta fito ta kore mu. Wani lokaci sai ya tsaya cak, ya dafe ƙirji. In mun tambaya ya ce, "Iska ce, ku wuce."

Da ruwan shuka ya sauka, ya ɗauki sungumi zai bi Baba gona, bai kai bakin titi ba ya durƙusa. Kafin a kai shi likita ya cika. Malamin asibitin ya ce wa Baba, "Alhaji, zuciya ce. Mata da dukiya da gida duk a shekara guda, ai kayan sun yi mata yawa."

Yanzu da na ce kaina na ciwo, jikokina sun ɗauko abin awon jini suna tambayar me ke damuna. A lokacin ba wanda ya san a yi wa tsoho wannan tambaya. Shi ke ba mu dariya, sai muka ɗauka lafiyarsa ƙalau.