Inda Yatsan Mama Ya Sauka

Mama ba ta iya karatu ba, amma tana da tata hanyar da Littafi Mai Tsarki. Takan rufe ido, ta buɗe inda hannu ya kai, ta dangwala yatsa, ta ce in karanta mata. Abin da ya fito shi ne umarnin Allah. Da haka ta taɓa fasa sayen akuya. Nakan yi mata tsiya cewa ta mai da Littafin buhun gyaɗa, a zura hannu kawai a ɗebo. Ba ta taɓa yin dariya ba.

Tun da aka kashe Baba a gona muka gudo daga ƙauyenmu a gindin duwatsun Borno, muka sami ɗakin kwano a Kuchigoro, a gefen babban birnin tarayya. Ni ina lodin rodi a kasuwar Dei-Dei. Ita kuwa ba ta yarda mun zauna ba. Tana da ƙullin irin kuɓewa da ta taho da shi a bakin zane, ta ƙi shuka shi, wai na gida ne.

Wata Lahadi bayan sujada, wani direba ɗan yankinmu da ya kawo shanu ya ce ranar Talata zai koma gabas, motar ba kaya, mai so ya zo. Na ja shi gefe na tambaye shi labarin hanya.

"Oga, cikin gari zan tsaya," ya ce. "Ƙauye kam ko an biya ni ba na shiga."

Na dawo na tarar da Mama a kan tabarma, Littafin a cinya, yatsa a dangwale. Na duba inda ya sauka. Wurin da wani annabi yake yi wa kamammu alkawarin za a maido su ƙasarsu ne. Ni kaɗai ke ganin baƙaƙen, da na so da na karanta mata wani abin dabam. Amma tana kallon bakina yadda take kallon hannun mai awo. Na karanta yadda yake.

"To, ka ji," ta ce, ta tashi ta fara ɗaure kaya.

Litinin ban je aiki ba. Tsoro ya cika ni, haushi kuma ya fi tsoron yawa.

"Mama, Littafin nan labari ɗaya ne daga bango zuwa bango. In kin shigo ana tsakiyar tatsuniya kin ji magana ɗaya, ai ba ki ji tatsuniyar ba."

"Kai za ka koya mini Allah?"

"Ki bari in ba ki shi tun daga farko. In na gama kika ce tafiya, ni zan kai miki kayan mota."

Ta daina naɗe zanen da ke hannunta. Na fara da mutum da matarsa da aka kora daga lambu. Na zo kan tsohon da aka ce ya bar gidan ubansa ba a faɗa masa inda za shi ba, da zuriyarsa da suka yi bauta a Masar, da garinsu da aka ƙone aka kwashe su. Duk ta san waɗannan, ɗaya-ɗaya dai, ba a jere ba. Har Almasihu, na ce mata, yana jinjiri aka goya shi aka gudu da shi.

Sannan na koma inda yatsanta ya sauka. Annabin da ya yi alkawarin, shi ne kuma ya aika wa kamammun su gina gidaje su yi shuka a birnin baƙunta, don zaman zai yi tsawo. Yawancin waɗanda suka ji alkawarin da kunnensu a can suka tsufa. 'Ya'ya da jikoki ne suka koma.

"Wato a nan za a binne ni," ta ce.

"Ban sani ba, Mama."

"A ƙarshen labarin, sun koma lambun?"

"A'a. Birni ne. Amma itacen lambun yana cikinsa."

Ta juya mini baya. Kayan suka kwana a ɗaure a bakin ƙofa.

Talata da safe muka ji hon daga bakin titi. Maƙwabta masu tafiya suna wucewa da buhuna a ka, wata ta leƙo ta ce mu yi sauri. Mama ta sa takalmi. Na cicciɓi kayan na ɗora a kai kamar yadda na yi alkawari. Ta fita na bi ta. Maimakon ta nufi titi sai ta zaga bayan ɗaki, inda ruwan wanke-wanke ke jiƙa ƙasa. Ta tsaya a nan har ƙarar motar ta yi nisa ta ɓace.

Ta durƙusa, ta kwance bakin zanenta da haƙori, ta fara tona ƙasa da tsinke. Hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Ban yafe maka ba tukuna," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Sauke kayan nan ka ɗebo ruwa."