Prosing Ungozomar Loon da Ɗan da Aka Ƙi Ƙirgawa

Haihuwarta da Karatunta

An haifi Eufrosina Tabuelog, wadda jama'ar garin Loon na tsibirin Bohol suka fi sani da Prosing, a shekarar 1943, ana tsakiyar yaƙin Japanawa. Mahaifinta Macario masunci ne, mahaifiyarta Leoncia kuwa ungozoma ce mai yi wa masu ciki tausa da man kwakwa. Ta shiga makarantar firamare a 1951, amma aji biyu kacal ta yi aka cire ta domin ta riƙa bin mahaifiyarta gidajen haihuwa, kuma wannan shi ne iyakar iliminta na boko har ta koma ga Mahaliccinta.

Sana'arta

Ta gaji ungozomanci bayan rasuwar Leoncia a 1962. Kowa ya sani, ko da ba a faɗa a coci, cewa hannun da ya iya gyara kwanciyar ɗa a ciki ya iya murƙushe shi, kuma akwai ungozomomin da ke yin haka. Prosing ba ta taɓa yi ba. Aƙidarta ita ce rai na Ubangiji ne tun daga ranar da ya shiga, kuma amsarta ɗaya ce ga duk wadda ta zo mata da wannan buƙata: "Hannun nan na karɓa ne, 'yar nan. Ki haife shi. In ba ki so, ki ba ni." Akasarinsu sukan fita suna zaginta.

Aure da Zuriya

A watan Mayu na 1964 aka ɗaura aurenta da Teofilo Sarabosing, shi ma masunci, Allah kuma ya albarkace su da Rogelio a 1966 da Divina a 1969.

A shekarar 1979 wata mata ta zo daga birni da 'yarta ɗaliba, wadda tuni aka ɗirka mata saiwoyi masu ɗaci amma cikin ya ƙi fita. Prosing ta ba su amsar da ta saba, sai dai a wannan karo an riƙe ta a kan maganarta. Yarinyar ta haihu a gidanta cikin watan Satumba, aka zo da mota aka tafi da ita, aka bar jaririn a kan tabarma da shanyayyun ƙafafu.

"Bakinki ya jawo mana," in ji Teofilo. "Kifi nawa kike ganin ina kamowa?"

"Ka rage giyar kwakwa, maigida, sai ya ƙoshi har ya bar maka saura."

Teofilo ya ƙi ba yaron sunansa, saboda haka aka yi masa baftisma da sunan Bienvenido Tabuelog, ana kiransa Benben. Ya tashi da nauyin harshe, bai taɓa takawa ba, amma yana jin komai, yana kuma fahimtar komai.

Zaman Kaɗaici

Teofilo ya rasu a 1998. Rogelio ya zama ma'aikacin jirgin ruwa, Divina ta tafi Kanada aikin jinya, gida ya rage daga ita sai Benben. Duk Kirsimeti sukan aiko da ƙaton kwali na tsaraba, kowane kaya da sunan mai shi a manne, har maƙwabta. Benben bai taɓa samun ko sabulu da sunansa ba. Prosing takan ɓare nata sunan daga jikin gwangwanin nama ta miƙa masa, ta ce daga yayarsa ne.

Dole kuma a ambaci wata ƙungiyar matan coci masu sanya fararen riguna, masu fafutukar kare ran 'yan tayi, ko ransu zai ɓaci. Shekara da shekaru suna sa Prosing a gaban jerin gwanonsu, da Benben a keken guragu, ana ɗaukar hoto, har lambar yabo ta katako suka ba ta a 2005. Amma daga cikin masu fararen rigunan nan babu wadda ta taɓa taka gidan ta kama mata shi a kai shi bayan gida. Ranar da girgizar ƙasa ta rushe Loon a watan Oktoba na 2013, ita kaɗai ta jawo shi waje a kan buhu, tana da shekara saba'in, kuma bayanta bai sake miƙewa ba.

A 2019 jikarta Kristel, 'yar Rogelio, ta zo hutu daga jami'a ta tarar da ita tana yi masa wanka.

"Kaka, mu 'yan yanzu ba haka muke kallon abin ba. Da kin bar yarinyar nan da ta haifi Kawu Benben ta zaɓa wa kanta, da ba ki ƙare rayuwarki a kan bahon wanka ba."

"To, malamar jami'a, ga shi nan. Faɗa masa da kanki, ba kurma ba ne."

Kristel ta karɓi tawul ta goge masa baya. Ra'ayinta bai sauya ba, na kakarta ma haka, kuma ba su sake tayar da zancen ba.

Rasuwarta da Jana'izarta

Prosing ta rasu ranar 9 ga Nuwamba, 2023, bayan gajeriyar jinya, tana da shekara tamanin. An ajiye gawarta a gida har 'ya'yanta suka iso daga ƙasashen waje, kuma tun da ba a barin mamaci shi kaɗai, Benben ne ya zauna a gefen akwatin tsawon kwanakin, yayin da masu zaman makoki ke karta a tsakar gida.

Da aka zo manna siraran ƙyallayen da ke ɗauke da sunayen iyalin mamaci a cikin murfin akwati, an manna na Rogelio, da na Divina, da na jikoki, har da na mijin Divina wanda sau ɗaya ya taɓa ganin marigayiya. Ba a rubuta na Benben ba. Matan ƙungiya suna nan a tsaye da furanninsu, ba wadda ta yi tari. Kristel ce kaɗai ta yi magana.

"Baba, ina na Kawu Benben?"

"Wane kawu? Riƙo ne kawai. Ba Sarabosing ba ne."

A ranar jana'iza, kafin a rufe akwatin, an cire ƙyallayen kamar yadda aka saba, aka miƙa wa kowa nasa. Benben ya ɗaga hannunsa, ya buɗe tafinsa yana jira. Aka rufe murfi, aka ɗauke ta, hannun nan yana buɗe. An binne ta a maƙabartar garin kusa da mijinta.

Waɗanda Ta Bari

Mai wannan bayani, Saturnina Omictin, mai sayar da kyandir a ƙofar coci kuma maƙwabciyar marigayiya, ba ta iya rubutu ba, faɗa take yi ana rubutawa. Ba ta neman gida ko fili ga kowa. An ce za a sassaƙa dutsen kabari da sunayen 'ya'ya, to tana kira ga Rogelio da Divina da babbar murya, gaban limamin coci da gaban jama'ar Loon, da su ji kunyar uwarsu su sa na ƙaninsu. Yana nan a gidan, ya juya kekensa yana fuskantar ƙofa, duk wanda ya shigo da kwanon shinkafa sai Benben ya fara duba hannun mutumin, ko ya zo masa da ƙyallensa.

Marigayiya Eufrosina Tabuelog Sarabosing ta rasu ta bar 'ya'ya kamar haka:

Rogelio Sarabosing
Divina Sarabosing
Bienvenido Tabuelog

Uku ne. Allah ya ba ta hutawa.